Ledar Kujera Sai Hannun Inna

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Damina huɗu ke nan rabona da Toranke, kuma jikina ya san haka. Ina gajiyarku? Ya iyali, ya aikin gona, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Ranar Asabar na kai sabuwar motata sabis na farko a nan Fatakwal. Bakaniken ɗan wajenmu ne, ɗan Kademi. Ya juye baƙin mai, ya canja filta, kawai sai na ga ya kai hannu zai yage ledar kujera. Na riƙe hannunsa.

Ya ce, "Haba ɗan gari, a zafin nan? Bayanka zai dahu, kujerar ma ta yi fumfuna."

Na ce, "Ya dahu ɗin. Mai na kawo ka juye."

Gaskiyarsa ce, kullum rigata a jiƙe take. Amma kana wurin a kasuwar Gaya lokacin da Kawu Sale ya ce ko na yi mota, 'yar Kwatano zan kwaso in wanke in ce sabuwa ce. Ban ga laifinsa sosai ba, ya ga masu yin haka. Sai dai ledar nan ba mai cire ta sai Inna, da hannunta, a ƙofar gida, Kawu Sale kuma yana tsaye.

Inna ta sa ni a addu'a, Allah ya kawo ni lafiya bayan girbi. Ka gaida yara, har Kawun ma. Kada kowa ya sa rai da yawa. Bayan motar, abin da na ajiye buhun shinkafa biyu ne da turmin atamfa ɗaya.

Ƙaninka,
Isuhu