Wanda Aka Gani a Layin Magani

Gidan Marke, ta Ɗambatta

Zuwa ga ƙanwata Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da marasa lafiyar da kike fama da su. Mu nan sai godiya. An gama yankan gero, dawa ta sunkuya, wake ma ya yi kyau in ban da na gonar bakin rafi da tsutsa ta yi wa ɓarna.

Na san za ki yi dariya ki ce Yaya ya koma zamanin gidan waya. Maganar ce ba ta waya ba. Ni in na ɗaga waya, har na bayan katanga sai sun ji, shi ya sa na ba Abdulsalam direba wannan ya miƙa miki hannu da hannu.

Kin san an sa ranar 'yata Zakiyya da Sha'aban ɗan Alhaji Sabiru, sai an gama kai amfani gida. An kawo goro da alawa, mun raba gida-gida. Yaron ban taɓa ganin aibinsa ba. Wake yake saye yana kaiwa kasuwar Dawanau, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

To ranar kasuwa Yahya dillalin awaki ya ja ni gefe. Ya ce ya kai wa wani rago a asibitinku na masu taɓin hankali, sai ga Sha'aban zaune a benci cikin layin karɓar magani, da kati a hannunsa. Ya ce masu sayar da abinci a bakin ƙofa ma sun san shi, duk wata yana zuwa. Yahya bakinsa ba linzami, na sani, amma idonsa ƙalau yake.

Kin san gidanmu. Ba ma tambayar mutum abin da ya tara, amma tun kakanni ana bincika ciwon nan kafin a ba da 'ya, saboda jikoki. Tun da uwarta Hure ta rasu, yarinyar nan ba ta da mai duba mata sai ni. Ke nas ce a wurin, ba sai an yi nisa ba. Ki duba mini, ki ce e ko a'a.

Ki gaida yara. Ga ɗan wake nan da kuka.

Yayanki,
Zailani

*

Kano

Zuwa ga Yaya Zailani,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙo ya iso, wake da kuka ma sun iso, Allah ya ƙara arziki. Ina gaida mutanen gida baki ɗaya.

Yaya, ka tambaye ni abin da ba ni da ikon faɗa. Ranar da aka ba ni farin kayan nan, sai da na ɗauki alkawarin cewa abin da na gani a wurin aiki a nan zai tsaya. Wanda ya zo wurinmu yakan zo ne a lokacin da ya fi rauni a rayuwarsa, ya gaya mana abin da bai gaya wa uwarsa ba. Sirrinsa haƙƙinsa ne, shi kaɗai ke da ikon buɗe shi. Da mutane za su ji cewa masu binciken aure suna samun labari daga bakinmu, da rabin masu zuwa sun daina, su zauna a ɗaka da ciwonsu har a kai ga ɗaure su da mari.

Kada ka ce to in babu komai in ce babu mana. In na ce a'a a kan wannan, gobe aka tambaye ni a kan wani na yi shiru, shirun nawa ya zama e. Don haka amsata ɗaya ce a kan kowa, wanda ya zo da wanda bai taɓa taka ƙofar ba.

Abin da na sani a matsayina na gwaggon Zakiyya shi zan faɗa: ban ga mijin da ya fi Sha'aban dacewa da ita ba. Kuma Yaya, ko da a ce mutum yana karɓar magani, ciwon nan ciwo ne kamar hawan jini. Ana shan magani, a yi noma, a yi aure, a haihu lafiya.

Don Allah kada ka yi gaggawa. Ka bari in samu hutu in zo mu zauna.

Ƙanwarka,
Aina'u

*

Gidan Marke

Aina'u,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki, na kai wa Baffa Muhammadu Sani shi ma ya karanta, kasancewar shi ne babbanmu kuma shi zai yi walicci.

Ke dai boko ya koya miki zagaye-zagaye, amma mun gane. Ni na goya ki a kafaɗa zuwa gona, na san bakinki. Da babu komai, da kin ce, "Haba Yaya, Yahya ne fa," kin wuce wurin. Wanda lafiyarsa ƙalau ba a yi masa wa'azin hawan jini. Baffa ya ce kin kyauta, kin riƙe amanar aikinki kuma kin fitar da haƙƙin zumunci. Ni ma na gode.

An mayar musu da kayansu. Goron da alawar da aka riga aka cinye sai da na sayi sababbi a Ɗambatta na cike. Ban faɗi dalili ba, na ce dai Allah bai yi ba. Amma duk gidan da ya ci goro yana son ya ji abin da ya faru, Yahya kuwa bai bar kowa da ƙishin labari ba.

Zakiyya ta shige ɗaki ba ta magana da kowa. Ba daɗi nake ji ba, wallahi, ina son yaron. Za ta huce, wata rana ta gode mini.

Ki gaida maigidan.

Zailani

*

Gidan Marke

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida su Ihsan. Na lallaɓa na ba Abdulsalam wannan, Baba bai sani ba.

Gwaggo, kin ga abin da na jawo wa Sha'aban? Katina ne a hannunsa. Ke kin sani, shi ya sani, ni na sani. Lokacin da Inna ta rasu na zo wurinki karatu, na daina ci, na daina barci, na daina magana, ke kika kai ni wurin likita. Ni na roƙe ki kada Baba ya ji, na ce masa taifot ce. Da na dawo gida na gaya wa Sha'aban komai tun kafin ya turo magabatansa, don kada in cuce shi. Abin da ya ce kawai shi ne, "To wa zai riƙa karɓo miki maganin?" Shi ke nan ya ɗauki aikin, duk wata in ya kai wake sai ya biya.

Yanzu manoman da suke ba shi wakensu ya kai Dawanau sun fara janyewa, wai kada abin ya motsa masa a hanya. A masallaci in ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Jiya yara suka bi shi da waƙa har bakin rijiya. Ya aiko ƙanwarsa Fadima ta ce mini kada in kuskura in yi magana, wai shi namiji ne, surutun zai wuce, amma in aka ɗora wa mace sunan nan har jikokinta sai sun gaje shi.

Me ya sa ba ki ce masa a'a ba kawai? Ai ba ƙarya ba ce, Sha'aban ba majinyacinku ba ne. Ba laifinki nake gani ba, tambaya nake yi, don na rasa wanda zan tambaya.

Maganina ya kusa ƙarewa, kuma yanzu babu mai karɓowa. Barcin ma ya fara gudu.

'Yarki,
Zakiyya

*

Kano

Zakiyya 'yata,

Wa'alaikumus salam. Ga magani nan na ƙulle cikin atamfa. Na yi wa likitanki bayani, ya ce ki ci gaba da sha yadda kika saba, kuma yana son ganinki da kanki ba da daɗewa ba. In barcin ya ƙi, ko kika ji tunanin nan na da yana dawowa, ki kira ni ko ina bakin aiki.

Tambayarki tun kafin ki yi ta nake yi wa kaina. Na ji tsoron in na ce a'a, Yaya zai ce to katin wa ya riƙe, daga nan sai a zo kanki. Rufe sirrinki ban yi nadamarsa ba, ko yau aka sake tambayata ba zan buɗe ba. Abin da ke cina shi ne na zauna ni kaɗai na rubuta amsa, ban kira ki ba, ban kira Sha'aban ba, alhali maganar taku ce. Da na tambaye ku, da wataƙila mun samu abin da za a faɗa. Na ba yayana amsar da nake ba baƙi a ofis, na manta cewa a Gidan Marke in ɗan'uwa ya ƙi cewa a'a, to ya ce e. A can aka haife ni, bai kamata in manta ba.

Ba zan ce ki faɗa ba, ba zan ce ki yi shiru ba. Abin da Sha'aban ya gaya miki game da surutun mutane gaskiya ne, ba zan ɓoye miki ba. Ciwonki ne, labarinki ne, kuma hankalinki ya kai ki yanke wa kanki. Duk wanda kika zaɓa ina bayanki, ɗakinki na nan kuma yadda kika bar shi.

Ki yafe wa gwaggonki.

Aina'u

*

Gidan Marke

Zuwa ga Aina'u,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Ranar Laraba ina gyaran rumbu Zakiyya ta zo ta durƙusa, ta ajiye ƙwayoyin magani a gabana, ta gaya mini komai. Na sauko daga tsani. 'Yata ta yi jinya irin wannan, ni ina nan ina aika mata da sassaƙen taifot. Na tambaye ta me ya hana ta gaya mini. Ta ce, "Baba, ai ka ga abin da ka yi wa wanda ba shi da shi."

Na ce mu rufe, mu bar wa Allah. Ta ce a'a, ba za ta zauna ana jifan bawan Allah da abin da yake nata ba. Ita ta ce in je, kuma in faɗa a gaban mutane, tun da a gaban mutane aka ɓata shi.

Bayan sallar Juma'a na ɗauki Baffa muka tafi zauren Alhaji Sabiru. Zauren cike. Na ce Sha'aban lafiyarsa ƙalau, maganin 'yata yake karɓowa, ni na zalunce shi, kuma in za a karɓe mu mun dawo da maganar aure. Aina'u, ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba.

Alhaji ya sa aka kawo mana ruwa. Ya gode, ya ce na yi halin manya. Sannan ya ce, "Malam Zailani, kai ka nuna mana hanya. Abin da ka guje wa jikokinka, ni ma shi nake guje wa nawa." Sha'aban yana daga bakin ƙofa ya ce, "Baba, ni fa na sani tun farko, kuma na yarda." Uban ya ce in ya sake tayar da maganar bai yafe ba. Yaron ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan rigarsa. Ni da Baffa muka tashi.

Da farko na yi fushi da ke. Yanzu na rasa wanda zan yi fushi da shi. Kin ce in jira ki zo, ban jira ba.

Ki sanar da ni ranar ganin likitanta, ni zan kawo ta.

Yayanki,
Zailani

*

Gidan Marke

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna nan tafe ranar Litinin ni da Baba. Ina shan magani, barci ya ɗan dawo.

Manoma sun mayar wa Sha'aban wakensu, yara sun rabu da shi. Ni ce yanzu in na shiga gidan biki sai hira ta tsaya. Ina iya ɗauka, kada ki damu.

An sa masa rana da 'yar kawunsa ta Shanono. Jiya Fadima ta zo, ta tsaya a tsakar gida ta kasa shigowa ɗaki. Ta ce ya ce don Allah in yafe masa.

Gwaggo, tun jiya nake nema, na rasa abin da zan yafe.

Sai mun zo.

Zakiyya