Kawu Ustaz, Turancinka Ya Kawo Mana Karaka

Zuwa ga kawuna kuma malamina, marigayi Ustaz Haruna, malamin Ingilishi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ni'imar Ubangiji. Ni ne Sani, ɗan ƙanwarka Hajara, wanda ka ce kansa kamar tur'ar rani yake, wato busasshiyar hanyar ban ruwa, ana zuba masa ruwa yana shanyewa. Na san waɗanda ke bin shafina za su riga ka karantawa. Su yi haƙuri, ba da su nake ba.

Ko da labari bai kai maka ba, yanzu Alhaji Sani ake ce mini. Ina da tarakta biyu, da injin niƙa, da motar da ke ɗauko riɗi daga Sinja. Ina da hawasha, wato gonar ban ruwa, tawa ta kaina, ni da ubana ya mutu yana tsintar auduga a gonar wani. Ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Na faɗi wannan ne don ka san wanda ya rubuto maka ba ƙaramin mutum ba ne, kuma abin da ya same shi ba ƙaramin abu ba ne.

Ka tuna ajinmu a Hasahisa? Shekara biyu kawai na yi a sakandare, amma ranar da ka zana tur'o'in Jazira a kan allo tana nan a idona. Ka ce mu rubuta labarin ƙauyenmu da Turanci. Ni kuwa na rubuta cewa ƙauyenmu yana da kyau, mutanensa suna da kyau, komai yana da kyau. Ka dawo mini da takardar ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta.

Ka ce, "Sani, ka tsaya a bakin babbar tur'a kana ɗaga wa ruwa hannu. Sauko, ka bi shi har gona."

Sai ka ba mu ƙofofi huɗu. Ka ce in general ita ce babbar tur'a, maganar gaba ɗaya, ruwan kowa da kowa. For example ita ce ƙaramar tur'a, inda za ka kawo misali. In particular shi ne abu ishirin, magudanar da ke bin gefen gonaki, inda za ka ware abu ɗaya daga cikin 'yan uwansa. To be exact kuwa shi ne abu sitta, ɗan ramin da ke shiga hawashar mutum ɗaya ya jiƙa gindin shukarsa. Ka ce duk wanda bai buɗe ƙofa ta huɗu ba, surutu ya yi.

Kawu, gaskiya ba mu so ka ba a kan wannan. Ba a aji ka tsaya ba, har gida kake bin mutane da shi. In Inna ta ce maka kowa lafiya, sai ka ce, "Masalan wa?" In mutum ya ce maka bana an samu alheri, sai ka tambaye shi buhu nawa, a gaban jama'a. Shi ya sa aka sa maka Ustaz Masalan, kuma shi ya sa in ka doso inuwar masallaci tsofaffi ke tuna ba su ɗaure jaki ba.

Ka san halinmu. Kakanninmu sun tako daga yamma da ƙafa za su Makka, suka zauna a nan ba su da komai sai mutunci, shi muka gada. Ba mu kuka gaban baƙo. Ba mu ambatar asara gaban maƙwabci, balle gaban suruki. Ko rumbu ya ƙone, amsar ɗaya ce: alhamdulillahi.

To, bara tur'armu ta cika da laka da ciyawa. Ƙauyenmu a wutsiyarta yake, hawashata kuma ita ce wutsiyar wutsiya. Dawata ta bushe tsaye, ko zangarniya ɗaya ban yanka ba. Ni Alhaji Sani, mai tarakta biyu. Abin da na yi shi ne, na je kasuwar Hasahisa na sayo dawa, na sa aka juye buhunan ciki ya koma waje don kada a ga tambarin ɗan kasuwa, na shigo da ita da tsakar rana lokacin da gari ke ƙailula. Har na aika wa surukina Malam Isa buhu guda, na ce ya ɗanɗana sabon amfani.

Ana nan sai aka ce wata ƙungiya ta turo injiniya, mace, daga wata ƙasa ta gabashin Afirka. Ba ta jin Larabci balle Hausa. Tana da karaka ɗaya tak, wato injin nan mai dogon hannu da ke yashe tur'a, ga ƙauyuka rututu suna jira. Tana zagayawa tana sauraro, wanda ta ga ya fi matsuwa shi za a fara yi wa kafin shuka. Wanda aka tsallake, sai baɗi.

Ranar da ta zo mun yanka mata rago. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiyar masallaci, aka kawo shayi, aka kawo gahawar jabana. Ta zo da tafinta daga Madani, wani siririn mutum mai laktaye, wanda daga baya na gane ba ya rage ko wasali a maganar mutane.

Ta tambayi shehun garinmu, Baba Adamu, mene ne damuwarmu. Ya gyara rawani ya ce, "Alhamdulillahi. Damuwa ba a rasa ta ba, amma Allah na nan." Ta tambayi yadda girbi ya kasance. Ya ce, "An samu abin da anka rubuta muna." Ta tambayi halin da yara ke ciki. Ya ce, "Suna gaishe ki." Tafinta ya juya mata duka, tsaf. Tsofaffi suna gyaɗa kai, an fita kunyar baƙuwa.

Kawu, na ga matar nan ta dubi tiren nama, ta dubi fararen jallabiyoyinmu, ta mayar wa bironta murfi. A cikin ƙarar murfin nan na ji karaka ta tada inji ta nufi ƙauyen gaba, waɗanda ka san ba sai an yanka musu albasa suke hawaye ba.

Nan take dabara ta zo mini, irin dabarar da ta kai ni inda nake a yau. Na duba taron, ba mai jin Turanci sai ita da tafintanta. Ke nan in na yi magana da Turanci, baƙuwa za ta ji, gari ba zai ji ba. Ruwa ya samu, mutunci ya tsira. Na miƙe na gyara hula.

Na ce in general, ruwa ba ya zuwa. Sauran Turancin da na haɗa da shi, Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe. Amma ta ɗago kai.

Na ce for example, tur'armu daga gada zuwa bakin gari laka ce har gwiwa, awaki na tsallaka ta ba su jiƙa ciki ba. Ta cire murfin biro.

Na ce in particular, abu ishirin na ƙarshe bai ga ruwa ba tun dawa na tsawon kamu biyu. Ta fara rubutu da sauri. Ni kuma daɗi ya kama ni, ina jin kaina kamar kai a gaban allo. Na so in tsaya a nan, wallahi na so. Sai ta daina rubutu ta zuba mini ido tana jira, kuma ka san wanda ya buɗe ƙofa uku ruwa ne ke tura shi ta huɗu. Ta tambaye ni gonar wa.

Na ce to be exact, tawa ce. Fadan biyar na dawa, kusan eka biyar ke nan, ban yanki komai ba. Dawar da ke ɗakin ajiyata ta kasuwar Hasahisa ce, na juye buhunan don kada a gane. Na faɗa da murya ƙasa ƙasa, na zauna ina share gumi, ina yi wa kaina barka.

Sai mai laktaye ya yi gyaran murya.

Kawu, mutumin nan ya ɗauka aikinsa hanya biyu ne. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya mayar musu da maganata cikin Larabci, da murya irin ta mai kiran salla. Bai bar gada ba, bai bar awaki ba. Da ya zo kan buhu har da nuna yadda ake juye shi da hannu.

Surukina Malam Isa yana zaune kamu uku daga inda nake. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ashe shi ya sa na ji tuwon nan yana warin mota."

Ban taɓa roƙon ƙasa ta tsage ba sai ranar. Ita kuwa ƙasar, ta tsage ko'ina a hawashata, amma ban da inda nake zaune.

Sai Baba Adamu ya juyo ya ce, "Kai Sani, yaya ma kalmar nan ta Ustaz Masalan?" Na faɗa masa. Ya fuskanci baƙuwa ya ce, "To, for example ɗin nan, gyaɗar ɗana Musa ma ko iri bai mayar ba." Daga nan sai ka ce an fasa madatsa. Wannan ya ce ya sayar da saniya. Wancan ya ce matansa na ɗebo ruwan wanki daga nesa a kan jaki. Malam Isa da kansa ya ce buhun da na aika masa, mai warin mota, shi suke ci tun watan jiya, don nasa rumbun iska ce a ciki. Tafinta har ya kwance laktaye. Matar ta cika littafinta, ta tashi ta bar naman, ta ce a kai ta tur'a. Ta soka sanda a laka da hannunta.

Karaka ta iso kafin shuka. Kwana tara tana haƙa. Ranar wata Talata da hantsi ina tsaye a kan hawashata ruwa ya shigo abu sitta, yana tura busasshen kara a gabansa. Dawar bana ta fi ni tsawo.

Amma ka bar ni da aiki. A kasuwa yanzu Alhaji Juye-buhu suke kirana, har yaran da na yi wa aure. A gida kuma matata Hauwa ta ɗauki darasin. Shekaranjiya na ce mata ina ganin ƙoƙarinta a gidan nan, ta ajiye tsintsiya ta ce, "For example?" Na tsaya ina kallon rufin ɗaki kamar ranar jarrabawa.

Tambayarta ce ta sa na ɗauki biro, Kawu. Ta tuna mini asibitin Madani, ranar da na zo duba ka, kwana biyu kafin ka tafi. Na riƙe hannunka na ce ka yi mini komai a rayuwa, Allah ya saka. Ba ka da ƙarfin magana, amma ka yi mini kallon nan na jan biro. Na bar ka a bakin babbar tur'a na tafi duba motata. Bari in gyara takardar, ko da lokaci ya wuce.

In general, kai ne ubana bayan ubana.

For example, da Baba ya rasu kai ka ɗauke ni ka kai ni ɗakinka na haya a Hasahisa, ka bar mini gadon ka koma tabarma, ka ce wai bayanka ne ke son ƙasa.

In particular, da na gudu daga makaranta na sayi keken jaki, dangi duka suka ce na zubar maka da mutunci, ɗan 'yar uwar Ustaz yana dakon albasa. Ba ka yi mini faɗa ba.

To be exact, ranar Alhamis ka zo bakin kasuwa da farar jallabiyarka da lemarka, ɗalibanka suna kallo. Ka hau kekena ta gefen hagu, ka zauna a kan buhun albasa, ka buɗe lema ka rufe mu mu biyu. Ka ce, "Direba, mu je." Duk taraktar da na saya, daga wannan zaman ta fito. Ɗazu na ce ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Ka ja wa wannan layin jan biro.

Allah ya jiƙan musulmi baki ɗaya. Ya jiƙan malaman da suka sha alli saboda 'ya'yan mutane. Ya jiƙan na maƙabartar garinmu. Ya kai ruwan rahamarsa har kabari na uku daga gindin aduwa, ta gefen gabas, ya jiƙa shi har ƙasa.

Ɗanka, kuma ɗalibinka na bencin baya,
Sani