Tsintsiya Suka Ba Ni

Zuwa ga ƙanena Sama'ilu, Zakirai.

Assalamu alaikum. Yaya Aina'u da yara? Gero ya fid da kai?

Ina Kaduna gidan ɗana Abba, lafiya lau, sai zaman banza. Na je wurin 'yan agajin masallaci in taimaka kyauta, suka ce in kawo takardar shaida. Ni da na shekara arba'in ina ɗorin karaya! Wai kara da tofi ba aiki ba ne. Suka miƙo mini tsintsiya.

Ina sharar, kada ka gaya wa kowa. Ka aiko mini da karan dawa. Kullum ɗan acaɓa sai ya faɗi a nan, kuma in na riga su isa, ba zan nemi izinin kowa ba.

Allah ya bar zumunci.

Yayanka, Tanko Maɗori.