Inna ta ƙi taka turmi

Filinge, daren Litinin, tsakiyar damina

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa.

Bara motata ta kafe cikin yashin ƙorama a hanyar Bankuku, Inna tana ciki da zazzaɓi, sai da shanu sunka jawo mu. Tun ranar na yi rantsuwa ba za a kuma ba. Shi ya sa na kai motar garajin Idi, ya ƙara mata lam a baya, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyinta, ya sa manyan tayu, ta ɗaga sama. Jiya na ɗauko buhunan hatsi daga Tabla, ko nishi ba ta yi ba.

Yau da safe zan kai Inna gidan likita saboda gwiwarta. Ta ɗaga ƙafa za ta shiga motar, ƙafar ba ta kai ba. Hadiza matata ta garo turmi ta kife don ta taka. Inna ta dube ta ta ce, “Abin da ke ciyar da gida zan sa ma ƙafa?” Na ce to bari in ɗauke ta. Ta ce ba a gaban maƙwabta ba.

A amalanken jakin maƙwabcinmu Malam Sani ta tafi, ni ina biye a baya da motar, kamar mai rakiyar amarya.

Idi ya ce zai yi mani waldar matakala. Ban sani ba ko in sa ko in cire lam ɗin duka. Don Inna na ɗaga motar nan, kuma duk gidan ita kaɗai ce ba ta iya shiga.