Na'ura Ta Ce Kore, Na Sallami Yaron

Tanti Zainaba, don Allah ki taimake ni, wata bakwai ke nan abinci ba ya yi mani daɗi. Ni kaɗai ce ma'aikaciya a ɗakin shan magani na wani ƙauye a yankin Sae Sabuwa, ƙauyuka tara ke zuwa wurina. Shekarar da aka yi zaɓe, wani furoje, irin ƙungiyoyin agajin nan, ya ba mu kwamfutar hannu mai basira. Kina shigar da zafin jikin yaro da amsoshin iyaye, ta nuna kore a koma gida, ko ja a wuce babbar likita, wato babban asibiti. Wallahi ba zan ci amanarta ba, ta sha kama ciwon haƙarƙarin da ni ban lura da shi ba.

Ran wata kasuwa, layi har bakin rijiya, wata tsohuwa, Inna Tala, ta shigo da jikanta Hamidu, ɗan wata goma sha huɗu. Uwarsa Delu ta rakuɓe a bakin ƙofa. Ɗan fari ne, kuma kin san mutanenmu, uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari gaban surukai, ko sunansa ba ta kamawa. Na'ura ta tambaya ko ya yi jijjiga, kaka ta ce a'a. Gaskiyarta ta faɗa, tana wurin suna lokacin da abin ya kama shi. Na ga Delu ta buɗe baki, ta dubi surukarta, ta ja mayafi ta rufe. Na gani, Tanti, da idona! Amma na danna a'a, kore ya fito, na ba da maganin zazzaɓi na kira na gaba.

Kwana biyu bayan nan ya cika a kan amalanke, hanyar asibitin Gidan Runji.

Masu duba aikinmu sun zo, sun ce ban karya ƙa'ida ba. Ina ruwana da ƙa'ida? Kafin na'urar nan fuskar uwa nake karantawa, yanzu gilashi nake kallo. Ga shi Delu tana da ciki, wurina take zuwa awo, har ƙwan zabi ta kawo mani. Na rubuta takardar barin aiki, amma in na tafi, ba wani ɗakin shan magani sai an yi kilomita ashirin. In miƙa ta?

Mai Baƙin Ciki, Sae Sabuwa

Ɗiyata, ba zan ce maki babu laifinki ba, ke ma ba za ki yarda ba. Kin ga alama, kin wuce. Amma ki aje kayan da ba naki ba. Waɗanda suka ƙera na'urar ba su san kunyar ɗan fari ba. Mutum ɗaya aka bari da ƙauyuka tara. Kuma ko ja ya fito ranar, Allah kaɗai Ya san ko amalanke zai isa a kan lokaci.

Kada ki jefar da na'urar, tana ganin abin da gajiya ke ɓoye maki. Kada kuma ki bar mata kujerarki, abin da aka faɗa mata kawai take ji. Daga gobe, duk wanda ya kawo yaro, ki nemi uwar ku keɓe, ko a ce ta zo ta riƙe maki ma'auni. Ki rubuta wa furojen abin da ya faru. Ban yi maki alkawarin za su amsa ba, na san su.

Takardar nan ki yaga ta. Ba don zafin zai wuce ba, ina jin da shi za ki tsufa. Sai don duk wadda za a kawo bayanki, in ma an kawo, gilashin za ta kalla.

In Delu ta dawo awo, ki kife na'urar, ki rufe ƙofa, ki roƙi gafararta, sannan ki tambaye ta irin wasan da Hamidu ya fi so. Kunyar da ta hana ta magana ita ta hana ta kuka ranar da aka binne shi. Ki bar ta ta yi, ko layi ya kai kasuwa.

Allah Ya jiƙan yaron, Ya sauke Delu lafiya, ke kuma Ya ba ki ƙarfin buɗe ƙofa gobe.

Tanti Zainaba