Littafin da Ke Cikin Koren Ƙyalle

Enugu, 21 ga Agusta, 1966

Barira tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da duk mutanen Ringim. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai kasuwar Artisan ta yi sanyi, naman sa ɗaya ma da kyar muke sayarwa.

Kin san Kofur Dogara, mijin Safiyatu, direban da ke zuwa ɗaukar naman bariki a wurina. Da aka kwashe sojojin Arewa aka tura su gida, shi an riƙe shi a gadirum, ɗakin tsare sojoji, wai akwai tambayoyi. Jiya wani dogo mai tabarau ya zo rumfata, ya ce suna shirya fim don koya wa kurata yadda kotun soja take. Za su ari Dogara ya fito a wanda ake tuhuma tunda yana zaune ba aiki, ni kuma in fito a mai shaida. Ya ce da an gama za a sake shi.

Kin sha yi mini tsiya kan zuwa silima, to yau ga ranarsa. Na ga irin waɗannan finafinan na Turawa da yawa. Kullum mai igiya ne a tsaye, masu anini a kafaɗa suna zaune, a ƙarshe a hukunta ƙaramin, jama'a su watse suna cewa soja akwai adalci. Ban taɓa ganin an tambayi wanda ya ba da umarni ba. Kuma me ya sa mai laifin da mai shaidar duk sai 'yan Arewa? Hankalina bai kwanta ba. Amma Safiyatu ta roƙe ni, na yarda, da sharaɗin ba zan dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba ko da wasa.

Ki gaida Inna. Mijinki mai kewarki,
Falalu

Enugu, 11 ga Satumba, 1966

Barira,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki na daddawa ya iso, na gode ƙwarai.

An yi abin ranar Talata. Na yi alwala kafin in shiga, don ban yarda da su ba, kada su miƙo mini Littafin Allah ba tsarki. Aka kawo shi naɗe cikin koren ƙyalle. Da mai tabarau ya juya baya na ɗaga gefen ƙyallen, sai ga boko da zanen taya. Littafin gyaran mota ne! Wallahi sai da na ji kamar an sauke mini ɗan maraƙi daga kafaɗa. Na ce a raina tunda ba rantsuwa ba ce, magana ce kawai, ba ta ɗaure kowa.

Na dafa, na faɗi abin da suka koya mini: wai na ga Dogara yana ɓoye bindigogi a ƙarƙashin nama yana kai su unguwarmu. Sau huɗu aka maimaita. A na farko ni da Dogara muka tuntsire da dariya, mai tabarau yana ta cewa "na play, Aboki, na play," wai wasa ne kawai. A na huɗu Dogara bai yi dariya ba, kallona kawai yake yi.

Abin da ke cina shi ne, da lokaci ya yi da Dogara zai ba da amsa, ban ji ƙarar na'urar ɗaukar fim ɗin ba. Mutum uku da suka fito a alƙalai kuma, sojojin bakin ƙofa suna sara musu da gaske. Har yau ba a sake shi ba. Safiyatu tana kai abinci ana karɓa, kwanon yana dawowa a wanke.

Ki sa mu a addu'a. Naki,
Falalu

Enugu, 6 ga Oktoba, 1966

Barira,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yafe gajeriyar gaisuwa.

Labarin kashe-kashen da ake yi a can Arewa ya iso nan, gari ya rikice, an ce duk mu tattara mu tafi. Makon jiya bayan magariba motar majigi ta tsaya a filin bayan kasuwa. Suka nuna fim ɗin cikin labaran duniya. Ba wanda ya ambaci kurata ko wasa. Wata murya ta ce ga ɗan uwansa ɗan Arewa da kansa ya tona asirin Dogara, kuma kotu ta yi aikinta.

Na ga kaina a jikin bango, hannun riga a naɗe, ruwa yana ɗiga daga gemuna. Alwalar da na yi don tsoron Allah ita ta gama da mu. Ko mutanenmu da suka san Dogara tun yana kurtu sun ce mutum ba ya yin tsarki ya dafa Alƙur'ani sannan ya yi ƙarya. Safiyatu tana layin gaba. Ba ta yi kuka ba, ta juyo ta neme ni da ido har ta same ni.

Washegari na je bariki in ce a buɗe ƙyallen a gani. Mai gadi ya ce bai san wani mai tabarau ba, Dogara kuma an ɗauke shi tun Asabar, bai san inda aka kai shi ba. Ranar kwanon abincin ya dawo da tuwonsa.

Safiyatu ta hau jirgin jiya. Ni ina jiran na Lahadi in Allah ya kai mu. Ba ta da kowa a Ringim sai ke, don haka ki ba ta ɗakina, ni zaure ya ishe ni idan ta yarda ta gan ni ma. Na san halinki, za ki so ki kare ni, ki ce mata littafin gyaran mota ne. Na gaya wa kaina haka kwana da kwanaki, bai dawo da kowa ba. Idan ta tambaye ki ko da bakina na faɗa, ki ce mata e, har sau huɗu.

Ki gaida Inna, ki roƙa mini gafara. Mijinki,
Falalu