Hoton 'Ya'yan Wani

Uwata,

Ina gaishe ki da ƙannenki. Ki gaida mahaifiyarku, in sabon maigidanta ba zai ji haushi ba.

Lafiyata lau. Har ƙarin girma na samu a gidan abincin da nake aiki, daga wankin tukwane an mayar da ni wankin faranti. Yatsa ɗaya ya daina lanƙwasuwa, amma sauran suna zuwa aiki.

Na ji za ki buɗe shagon ɗinki, Allah ya sa albarka. Ki riƙa jin magana, kada ki biyo ni. Da wayoyi masu kyamara suka fito, mahaifiyarku ta ce in nemi wata sana'a, na ce wasan yara ne. Wasan yaran ya rufe shagon hotona, ya watsa min gida.

Ga roƙona. Na ɗauki hoton 'ya'yan kowa, ku kuwa kullum sai in ce, "Ku na gida ne, sai gobe." Jiya abokin aikina ya ce in nuna masa yarana. Na lalube jaka, ba komai sai tsohon hoton tallan shago, na 'ya'yan wani direba. Kunya ta sa na miƙa masa. Ya ce ƙaramin ya ɗauko hancina sak. Na yi dariya har sai da na je na wanke fuska.

Ku ɗauki hoto ku aiko min. Kada ki tilasta musu murmushi. Ki sa Auta ya tsaya kusa da ƙofa, in gane tsawonsa.

Allah ya yi muku albarka.

Babanku, tsohon mai hoto